Yadda Ake Gane Giraf ɗin da Ya Dace da Jerin Jimlolin Rashin Daidaito

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar lissafi, ta WAEC ce ko NECO ko JAMB, da wuya ya gama bitar tsofaffin tambayoyi bai ci karo da wannan ba: a ba shi jimloli biyu ko uku masu ɗauke da alamar < ko > ko ≤ ko ≥, a jera masa zane-zanen giraf, a ce ya zaɓi wanda ya dace da su. Wani lokaci kuma a juya abin, a ba shi zane guda da aka shafa wa wani yankinsa duhu, a ce ya fito da jimlolin da suka haifi wannan yanki. Ɗalibai da yawa, har da masu ƙoƙari, a nan suke zubar da makin da ya kamata su ɗauka cikin sauƙi, saboda sun dogara da kallon ido kawai. Da gangan ake sa zane-zanen su yi kama da juna, kuma kama da wane ba ta wane. Abin da ke raba su ɗan lissafi ne da ba ya cin minti biyu idan hannu ya saba.

Abin da zanen yake faɗa

A takardar giraf akwai layi biyu da suka gitta juna: na kwance shi ne layin x, na tsaye shi ne layin y, inda suka haɗu kuma shi ne mahaɗa, wato (0, 0). Kowane ɗigo a takardar yana da lambobi biyu, ta farko tana nuna nisansa dama ko hagu, ta biyu tana nuna nisansa sama ko ƙasa. Wannan dabara ta haɗa aljabara da zane ta yaɗu ne bayan littafin da masanin Faransa René Descartes ya fitar a 1637, alamomin < da > kuwa sun fara bayyana a littafin Thomas Harriot na Ingila da aka buga a 1631, bayan rasuwarsa.

Kowace jimlar rashin daidaito sharaɗi ce da ake gindaya wa ɗigo. Ɗauki x + y ≤ 4. Ɗigon (1, 2) ya ba da 3, bai wuce 4 ba, don haka ya cika sharaɗin. Ɗigon (3, 3) ya ba da 6, ya wuce, bai cika ba. Da za ka yi haƙuri ka gwada ɗigo ɗari, ka sa wa waɗanda suka cika alama, da ka ga duk sun taru a ɓangare guda na wani miƙaƙƙen layi, layin x + y = 4. Layin nan kamar iyakar gona yake: ya raba fili gida biyu, wannan naka, wancan na maƙwabci. Duhun da ake shafawa a zane nuni ne ga ɓangaren da ya cika sharaɗin. In sharuɗɗan biyu ne ko uku, yankin da ake nema shi ne wanda ya cika su duka a lokaci guda. Ɗigon da ya cika biyu ya saɓa ɗaya ba ya ciki, komai kusancinsa.

Saboda haka tambayoyi uku ne kacal za ka yi wa kowane sharaɗi: ina layinsa ya bi, wane irin layi ne, kuma wane ɓangare ya ɗauka. Bari mu yi su da misali, don a aikace aka fi gane su. Ga jerinmu:

x + y ≤ 4
y > 2x − 2

Ina layin ya bi

Ka cire alamar rashin daidaito na ɗan lokaci, ka sa alamar = a gurbinta. Miƙaƙƙen layi ɗigo biyu sun ishe shi, kuma mafi sauƙin samu su ne inda ya yanki layin x da inda ya yanki layin y. A x + y = 4, in x sifiri ne y ya zama 4, in y sifiri ne x ya zama 4. To layin ya bi ta (0, 4) da (4, 0), yana gangarowa daga hagu zuwa dama. A y = 2x − 2, in x sifiri ne y ya zama −2, in y sifiri ne sai 2x = 2, x ya zama 1. Wannan ya bi ta (0, −2) da (1, 0), yana hawa da ƙarfi: duk taku ɗaya zuwa dama, taku biyu sama.

Da waɗannan ɗigo huɗu a hannu ka koma kan zane-zanen. Duk wanda layinsa mai hawa ya yanki layin y a 2 maimakon −2, ka soke shi. Duk wanda layinsa ya yanki layin x a −1 maimakon 1, shi ma ka soke. Sai dai ka karanta lambobin da aka rubuta a jikin layukan x da y, kada ka ƙirga akwatuna. Akan yi zanen da akwati ɗaya ke nufin 1 a kwance amma 2 a tsaye, kuma wannan yana canza kamannin hawan layi ƙwarai, har layi mai tsananin hawa ya fito kamar mai sauƙi.

Yana da kyau ka san inda layukan biyu suka haɗu. Sa 2x − 2 a gurbin y cikin x + y = 4: x + 2x − 2 = 4, wato 3x = 6, x ya zama 2, y ma 2. Zanen da mahaɗar layukansa ba ta faɗa kan (2, 2) ba, ba namu ba ne.

Wane irin layi ne

Wannan shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. In alamar ≤ ce ko ≥, ɗigon da ke kan layin ma ya cika sharaɗin, don haka ana ja layin cikakke, ba yankewa. In alamar < ce ko >, wanda ke kan layin bai cika ba, sai a ja layin a tsittsinke, guntu-guntu. A misalinmu layin x + y = 4 cikakke ne, na y = 2x − 2 tsittsinke ne. Sau da yawa zane biyu kan zo iri ɗaya sak, layuka ɗaya, duhu ɗaya, bambancinsu kawai an musanya cikakken da tsittsinken. Mai gaggawa ba zai lura ba.

Ka duba (2, 2), inda suka haɗu. A sharaɗi na farko 2 + 2 = 4, kuma 4 ≤ 4 gaskiya ne. A na biyu kuwa sai mu sami 2 > 2, wanda ba gaskiya ba ne. To kusurwar yankin da kanta ba ta cikin amsa. In aka tambaye ka wane ɗigo ne ke cikin yankin, aka sa kusurwar a cikin zaɓi, yanzu ka san yadda za ka tantance ta.

Wane ɓangare ya ɗauka

A nan ne aikin yake, a nan kuma nake so ɗalibi ya zauna sosai. Layi biyu da suka gitta juna suna raba takarda gida huɗu, ɗaya ne kawai namu. Hanyar da ba ta cin amana ita ce ɗigon gwaji: ka zaɓi ɗigo ɗaya da ba ya kan kowane layi, ka sa lambobinsa cikin sharaɗin, ka ga ko maganar ta zama gaskiya. In ta zama gaskiya, ɓangaren da ɗigon yake shi ne na sharaɗin. In ba ta zama ba, ɗaya ɓangaren ne.

Mafi sauƙin gwadawa shi ne (0, 0), don sifiri ba ya wahalar da kowa. Sharaɗi na farko: 0 + 0 ≤ 4, gaskiya. Na biyu: 0 > −2, gaskiya. To yankinmu shi ne wanda (0, 0) ke ciki, wato na hagu, ƙasa da layi mai gangarowa, sama da layi mai hawa. Don zuciya ta natsu, mu leƙa sauran ukun. A yankin sama ɗauki (2, 5): 7 ya wuce 4, ya faɗi a sharaɗi na farko. A yankin ƙasa ɗauki (2, −1): ya cika na farko, amma −1 bai fi 2 ba, ya faɗi a na biyu. A yankin dama ɗauki (5, 1): 6 ya wuce 4, kuma 1 bai fi 8 ba, ya faɗi a duka biyun. A ɗakin jarrabawa ba sai ka gwada huɗun ba. Amma a gida, lokacin koyo, ka gwada su, don ta haka ne ido zai saba da abin da lissafi ke faɗa.

Akwai gajeriyar hanya da malamai kan koyar: in alamar > ce a shafa sama, in < ce a shafa ƙasa. Maganar daidai ce, amma da sharaɗi: sai in y na tsaye shi kaɗai a hagu, ba wata lamba ko alamar ɗebewa a gabansa. Ɗalibai sukan riƙe rabin farko su yar da sharaɗin, kuma a ganina babu abin da ya fi wannan jawo kuskure a wannan fanni. Dubi 2x − 3y < 6. Ido ya ga <, hannu ya tafi ƙasa. Bari mu ware y mu gani. Ɗebe 2x daga kowane ɓangare, ka sami −3y < −2x + 6. Yanzu za ka raba da −3, kuma duk lokacin da aka raba ko aka ninka da lambar da ke ƙasa da sifiri, dole alamar ta juya. Sakamakon shi ne y > (2/3)x − 2. Ashe sama za a shafa.

Dalilin juyawar ba sai an haddace shi ba, ana iya ganinsa. 2 < 5 gaskiya ne. Ninka kowane ɓangare da −1, ka sami −2 da −5. Wanne ya fi girma? −2 ne, don ya fi kusa da sifiri. To dole a rubuta −2 > −5, alamar ta juya.

Ɗigon gwaji kuwa bai damu da duk wannan ba. Layin 2x − 3y = 6 ya bi ta (3, 0) da (0, −2), mahaɗa tana samansa. Sa (0, 0) cikin jimlar yadda aka ba ka ita, ba tare da ka taɓa komai ba: 0 < 6, gaskiya. Sama ne. Shi ya sa nake ba da shawarar a riƙa gwadawa cikin jimlar asali, wadda ke kan takardar tambaya. In ka yi kuskure wajen ware y sannan ka gwada cikin jimlar da ka sarrafa, gwajin zai tabbatar maka da kuskurenka ne kawai.

Wuri ɗaya ne (0, 0) ba ya aiki, shi ne inda layi ya bi ta kansa, kamar y ≥ 2x. In ka sa sifiri za ka sami 0 ≥ 0, wanda bai nuna maka kowane ɓangare ba, tunda a kan iyakar kake tsaye. Sai ka matsa zuwa (1, 0): 0 ≥ 2 ba gaskiya ba ne, don haka ɗaya ɓangaren ne, inda (0, 1) yake.

Sharuɗɗa masu harafi ɗaya ma suna rikita mutane. x ≥ 1 layi ne na tsaye da ya yanki layin x a 1, duhunsa yana dama. y < 3 layi ne na kwance, tsittsinke, da ya yanki layin y a 3, duhunsa yana ƙasa. Rikicin yana zuwa ne don layin x kwance yake, sai a zaci x = 1 ma kwance ne. Ka tuna cewa (1, 0) da (1, 5) da (1, −3) duk x ɗinsu 1 ne, kuma a jere suke daga sama zuwa ƙasa. In ka ga x ≥ 0 da y ≥ 0 tare, an tsare ka ne a kwatar takarda ta sama ta dama.

Wani abu kuma da ya kamata a kiyaye: ba duk littattafai ne ke shafa duhu a yankin da ake so ba. Wasu suna shafa wanda ba a so, su bar amsar fari tas, musamman in layukan sun yi yawa. Ka karanta tambayar ka ga wanne ake nufi kafin ka fara. Haka nan layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. y < x + 2 tare da y > x − 1 suna ba da siririn yanki tsakaninsu, amma y > x + 2 tare da y < x − 1 ba su da amsa ko ɗaya, don babu ɗigon da zai kasance sama da layin sama kuma ƙasa da layin ƙasa.

In zane aka ba ka

Aikin ɗaya ne, daga baya kawai ake farawa. A ce an shafa duhu a wani yanki mai kusurwa uku, kusurwoyinsa (0, 0) da (6, 0) da (2, 2). Gefensa na ƙasa yana kan layin x, cikakke. Gefen hagu tsittsinke ne, ya tashi daga (0, 0) ya bi ta (2, 2). Gefe na uku cikakke ne, in an miƙa shi ya yanki layin y a 3, layin x a 6.

Na ƙasa y = 0 ne. Na hagu, tunda x da y daidai suke a ɗigo biyun, y = x ne. Na uku akwai dabara mai sauri: layin da ya yanki layin x a 6, layin y a 3, ana rubuta shi x/6 + y/3 = 1, in an ninka da 6 ya zama x + 2y = 6. Tabbatar da (2, 2): 2 + 4 = 6, ya zauna.

Saura alamomi. Ɗauki ɗigo daga tsakiyar duhun, kamar (3, 1), ka bar shi ya gaya maka. A y = 0, 1 ya fi sifiri, layin cikakke ne, to y ≥ 0. A y = x, 1 bai kai 3 ba, layin tsittsinke ne, to y < x. A x + 2y = 6, 3 + 2 = 5, bai kai 6 ba, layin cikakke ne, to x + 2y ≤ 6. In zaɓi aka jera maka, wannan (3, 1) ɗin shi kaɗai zai iya kore biyu ko uku daga cikinsu kafin ka nemo lissafin layi ko ɗaya. Amma kada ka tsaya nan, don ɗigo guda yana iya cika jerin da ba shi ne amsa ba. Wanda ya rage sai ka duba layukansa.

Amfaninsa a wajen aji

Ɗalibi yana da haƙƙin tambayar me wannan zai yi masa. A ce tela yana da yadi 40 na shadda da awa 48 na aiki kafin salla. Kaftani yana cin yadi 4 da awa 4, kayan yaro suna cin yadi 2 da awa 3. In x ne yawan kaftani, y yawan kayan yara, sharuɗɗansa su ne 4x + 2y ≤ 40 na yadi, 4x + 3y ≤ 48 na lokaci, sai x ≥ 0 da y ≥ 0, tunda ba a ɗinka ƙasa da sifiri. Layin yadi ya bi ta (10, 0) da (0, 20), na lokaci ya bi ta (12, 0) da (0, 16), sun haɗu a (6, 8). Yankin yana da kusurwa huɗu: (0, 0), (10, 0), (6, 8), (0, 16).

Duk aikin da telan zai iya karɓa ya cika alkawari yana cikin wannan yanki. Kaftani 9 da kayan yara 3 suna buƙatar yadi 42, shaddar ba ta kai ba. Kaftani 2 da kayan yara 14 suna buƙatar awa 50, lokaci bai kai ba. In ribar kaftani naira 5,000 ce, ta kayan yaro 3,000, riba mafi girma tana kan ɗaya daga kusurwoyin: (10, 0) ta ba da 50,000, (0, 16) ta ba da 48,000, (6, 8) ta ba da 54,000. To kaftani 6 da kayan yara 8 ya fi masa. Irin wannan lissafi ne Leonid Kantorovich ya faɗaɗa a Tarayyar Sobiyet a 1939 don tsara aikin masana'anta, George Dantzig kuma ya fito da hanyar warware manyansa a Amurka a 1947. Kantorovich ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Kamfanonin jiragen sama da matatun mai suna aiki da shi har yau, da sharuɗɗa dubbai maimakon huɗu.

Mai waya yana iya duba aikinsa a Desmos ko GeoGebra, duk kyauta ne, kana rubuta jimla suna shafa maka yankin. Amma ka fara yi da fensir da rula tukuna, sannan ka duba, don ranar jarrabawa ba za a bar ka da waya ba. Ga wanda za ka gwada yau: y ≥ 1, x − y > −2, x + y ≤ 6. Ka kula da na tsakiya, akwai alamar ɗebewa gaban y. In ka yi daidai za ka sami yanki mai kusurwa uku a (−1, 1) da (5, 1) da (2, 4), gefensa na hagu tsittsinke, (2, 2) yana ciki, (0, 0) yana waje, kuma a cikin kusurwoyin uku (5, 1) ce kaɗai take cikin amsa.